Kwana a Tsohon Gidan Attajirin Auduga a Natchez: Tambayoyi da Amsoshi

Natchez ƙaramin gari ne a jihar Misisipi, can kudancin Amurka, zaune a kan wani dogon tudu yana leƙen kogin Misisipi daga sama. A ƙidayar 2020 mutanensa ba su cika dubu 15 ba. Abin da ke kawo masa baƙi tsofaffin gidaje ne, kuma da yawansu ana iya kwana a ciki, irin masaukin da ake kira B&B. Na yi kwana uku a ɗaya daga cikinsu. Ga tambayoyin da 'yan uwa da abokai suka yi ta yi mini bayan na dawo.

Wai mene ne B&B, kuma da me ya bambanta da otal?

Taƙaitawa ce ta kalmomin Turanci masu nufin gado da karin kumallo. Gida ne na zama, sau da yawa masu shi suna ciki, sai su ware wasu ɗakuna su riƙa saukar baƙi. Kuɗin da ka biya ya haɗa da abincin safe. Ba kanta da ma'aikaci ke tsaye dare da rana, ba kuma wanda zai kawo maka shinkafa ƙarfe biyun dare. Akan ba ka mabuɗin ƙofar gida ko lambar buɗe ta, a gaya maka lokacin karyawa, shi ke nan.

Wanda ya saba sauka gidan mutane ba zai ji baƙunta ba. Za ka gaida mai gida, za a tambaye ka daga ina, za ka ci abinci teburi ɗaya da mutanen da ba ka taɓa gani ba. Mutanen kudancin Amurka kuma ba su da rowar gaisuwa. Bambancin kawai, a nan baƙo yana biya.

Me ya sa ƙaramin gari irin wannan ya tara manyan gidaje haka?

Auduga, da kogi, da bayi. Faransawa ne suka fara kafa sansani a wurin a 1716, suka kira shi Fort Rosalie, a ƙasar ƙabilar Natchez waɗanda garin ya ci sunansu. Daga baya ya shiga hannun Ingila, sannan Sifen, kafin Amurka ta karɓa a 1798. Da noman auduga ya kankama, ƙasar bakin kogi mai taki ta zama kamar mahaƙar zinariya, jiragen ruwa masu tururi kuma na kwashe dilolin zuwa New Orleans.

Abin da baƙi da yawa ba sa ganewa shi ne, galibin waɗannan gidaje ba gidajen gona ba ne. Gandayen da yawa suna ƙetaren kogi, a fadamun Louisiana, inda sauro da zazzaɓi suke. Masu gandun kuwa sun gina wa kansu gidajen nuna isa a kan tudu, inda iska ke kaɗawa. Stanton Hall, da wani dillalin auduga haifaffen Ailan mai suna Frederick Stanton ya gina wajen 1857, ya cinye fili guda tsakanin tituna huɗu. Mai shi bai daɗe da tarewa ba ya rasu.

Dalilin da gidajen suka tsira kuma shi ne ba a gwabza faɗa a garin ba lokacin yaƙin basasar 1861 zuwa 1865 tsakanin jihohin Arewa da na Kudu. Ya miƙa wuya, sojojin Arewa suka mamaye shi a 1863 suka mai da wasu gidajen ofisoshinsu. Bayan yaƙi arziki ya karye, ba kuɗin rushewa a yi sabo. Talauci ne ya yi musu gadi. Sai a 1932 matan ƙungiyar masu lambu ta garin suka fara buɗe gidajen ga masu yawon buɗe ido a kan kuɗi, bikin da har yau ake yi duk bazararsu.

Yaya ɗakin yake?

Abin da ya fara ɗaukar idona tsayin rufi ne. An yi shi haka don zafi ya hau sama, tun kafin a san fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Tagogi dogaye ne, wasu har ƙasa. Ka ɗaga gilashin, ka buɗe wasu 'yan ƙyamare biyu a ƙarƙashinsa, taga ta zama ƙofa ka fita baranda.

Sai gadon. Na katako ne mai ƙafafu huɗu da suka miƙe sama suka ɗauki rumfa, wadda a da ake rataya gidan sauro a jikinta. Tsayinsa ya kai an ajiye 'yar matakala mai hawa biyu a gefe. Daren farko na manta da ita, na sauko da asuba kamar daga gadon gidanmu, sai da na ji a gwiwa. Daɓen katako ne, yana ƙara duk inda ka taka, don haka tun daga banɗaki zuwa inda na shimfiɗa dadduma na san maƙwabcin ɗakina ya san na tashi. Banɗakin ma ƙarami ne, don daga baya aka saƙala shi. Gidan ya girmi famfo.

Akwai na'urar sanyaya ɗaki, akwai intanet, akwai ruwan zafi. Amma kujerar da ke lungu tana iya haura shekara 150, kada ka ɗora mata akwati. Saboda irin waɗannan kayan ne wasu gidajen ba sa karɓar ƙananan yara. Mai iyali ya tambaya kafin ya biya.

Me ake ci da safe? Musulmi zai samu abin da zai ci?

Zai samu, in ya buɗe baki tun da wuri. Karin kumallon kudu mai nauyi ne: ƙwai, tsakin masara da aka dafa da man shanu (kamar fate ne ba ganye), wani ɗan burodi mai laushi da suke kira biskit ko da yake ba ruwansa da biskit ɗin da muka sani, 'ya'yan itace, kofi. Sai kuma naman alade, soyayye ko a cikin tsiran Turawa, wanda kusan ba ya rabuwa da faranti.

Cewa "ba na cin alade" ba ya wadatarwa. Mai girki za ta cire naman, amma ta soya maka ƙwai a man da ya fita daga gare shi, da zuciya ɗaya, don a wurinta man ba nama ba ne. Wasu kuma da kitsen alade suke kwaɓa biskit ɗin, kuma ganyen da ake dafawa a gidajen abinci galibi da ƙashin alade ake ɗanɗana shi. Ka rubuta musu tun ranar da ka kama ɗaki, ka ambaci nama da mai da kitse. Matar da ta sauke ni ta ware kasko daban, ba ta ko ɓata fuska ba.

Da yamma wasu gidajen kan miƙa wa baƙi abin sha na maraba, sau da yawa da giya a ciki. Ka nemi shayi mai ƙanƙara, wanda suke zuba wa sukari ba tsoron Allah. A gari kuwa soyayyar tarwaɗa ce abin nema. Buta ba za ka samu ba, ka tafi da gorar ruwa. Alƙibla daga can tana arewa maso gabas.

Su wa suka gina gidajen, su wa suka yi hidimarsu?

A nan ne zance ya yi nauyi. A bayan kusan kowane babban gida akwai wani gini na jan bulo, sau da yawa mai bene. Nan ne madafa da wurin wanki, sama kuma ɗakunan bayin gida. A masaukai da dama waɗannan gine-ginen ne aka gyara aka mai da ɗakunan baƙi. Wato mai yiwuwa ɗakin da ka biya kuɗi ka kwana, da labule mai fure da sabulu mai ƙamshi, ɗakin wata baiwa ce da 'ya'yanta. Shekaru da yawa masu zagayawa da baƙi suna cewa "masu aiki" ne suka zauna a ciki. Yanzu da dama suna faɗin kalmar bayi, wasu ma har da sunayensu idan takardu sun nuna.

A gidan Melrose, wanda hukumar kula da wuraren tarihi ta ƙasa ke riƙe da shi, akwai wani faffaɗan mafici na katako rataye a saman teburin cin abinci, da igiya a jikinsa. Bawa ne ke tsayawa yana jan igiyar don korar ƙuda har a gama ci. Na daɗe ina kallon igiyar nan fiye da yadda na kalli madubai da fitilun.

Kamar mil guda gabas da tsakiyar gari akwai mahaɗar hanyoyi da ake kira Forks of the Road. Daga 1833 zuwa 1863 nan ce kasuwar bayi ta biyu mafi girma a can ƙuryar kudu, bayan ta New Orleans. Ana koro mutane a ƙafa cikin sarƙa tun daga Virginia, wasu kuma ta jirgin ruwa. Yau ɗan fili ne da alluna, da wasu marurruka na ƙarfe da aka dasa cikin siminti. A 1863 sojoji baƙar fata na rundunar Arewa, waɗanda wasunsu tsofaffin bayi ne, su suka rushe shingayen kasuwar.

To, ya dace mutum ya kwana a irin wannan wuri?

Ni dai na kwana, kuma ban yi nadama ba, amma ba zan ga laifin wanda ya ce ba zai iya ba. Abin da na ƙi jini shi ne gidan da zai ba ka labarin labule da cokulan azurfa na awa guda, bai ambaci wanda ya goge su ba. Ka duba yadda masauki ke ba da tarihinsa kafin ka zaɓa, kuma idan ana zagayawa da kai ka tambaya kai tsaye: mutum nawa aka bautar a gidan nan, ina suka kwana? Amsar za ta nuna maka irin mutanen da ka sauka wurinsu.

Tarihin ma bai tsaya a bauta ba. Dunleith, gidan nan mai ginshiƙai 26 kewaye da shi, wanda yanzu masauki ne, a nan John R. Lynch ya yi bauta yana yaro. Bai kai shekara 30 ba ya zama kakakin majalisar dokokin Misisipi, sannan ɗan majalisar wakilai ta ƙasa. Hiram Revels, baƙar fata na farko a majalisar dattawan Amurka a 1870, limamin coci ne a garin. Akwai kuma William Johnson, baƙar fata mai 'yanci, wanzami, wanda ya rubuta abin da ke faruwa kullum daga 1835 har aka kashe shi a 1851. Shi kansa yana da bayi. Gidansa a buɗe yake ga masu ziyara.

Na ji an ce wani basaraken Fulani ya yi bauta a can. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Abdurrahman ɗan Ibrahima Sori, daga Timbo a Futa Jalon, ƙasar Gini ta yau. An kama shi a yaƙi a 1788, aka sayar, ya ƙare a gonar wani Thomas Foster kusa da Natchez. Ya ce shi ɗan sarki ne, ubangidan ya mai da abin ba'a ya riƙa kiransa Yarima da Turanci. Shekara kusan 40 ya yi.

A 1807 wani likita, John Cox, wanda mahaifin Abdurrahman ya taɓa saukarwa aka yi jinyarsa a Timbo, ya gamu da shi yana tallar kayan gona ya gane shi. Ya nemi ya fanshe shi, Foster ya ƙi. Sai a 1826 wata takarda da ya rubuta da Larabci ta bi hannu zuwa hannu har Maroko, maganar ta kai ga gwamnatin shugaban Amurka John Quincy Adams. Aka sake shi a 1828, mutanen gari suka haɗa kuɗi aka fanshi matarsa Isabella. Ya zagaya biranen Arewa yana neman kuɗin fansar 'ya'yansa, bai cika ba. Ya isa Laberiya a 1829, ya rasu a shekarar, bai ga Timbo ba.

Yaushe ya fi kyau a je, kuma ta ina?

Maris da Afrilu, lokacin furanni da bikin buɗe gidaje, ko Oktoba. Amma lokacin ɗakuna ke wuya da tsada. Yuli da Agusta zafi ne mai gumi, irin na Legas. Tafiyar kamar awa uku ce a mota daga New Orleans, kuma mota ta zama dole. Mai lokaci yana iya gangarowa daga Nashville ta hanyar Natchez Trace, mil 444 cikin daji, ba manyan motocin kaya.

Idan kwana ɗaya kawai gare ni, me zan gani?

Longwood da safe. Gida ne mai kusurwa takwas da ƙubba a kai, wanda wani attajirin auduga mai suna Haller Nutt ya fara ginawa dab da yaƙin basasa. A 1861 maginan da suka zo daga Philadelphia suka ajiye kayan aiki suka koma gida. Hawa na ƙasa kaɗai aka gama, iyalin suka zauna a ciki. Nutt ya rasu a 1864. Kana hawa bene sai ka tarar da bulo tsirara da katakai, ka ɗaga kai ka ga cikin ƙubbar fayau.

Da rana Forks of the Road. Da yamma ka gangara titin Silver zuwa tsohuwar tashar jiragen ruwa da ke ƙarƙashin tudu, unguwar da a da ta yi suna wajen caca da faɗan wuƙa, yanzu ta rage 'yan gine-gine kaɗan. Ka tsaya a bakin ruwa. Kogin ja ne, faɗinsa ya wuce yadda hoto ke nunawa, kuma rana na faɗuwa ne ta ɓangaren Louisiana, bayan gadar Vidalia. Wani jirgi mai tura kwale-kwalen kaya ya zo wucewa yana hawan ruwa ina tsaye. Har aka kunna fitilun gada bai ɓace mini ba.