Tafasa Madara Ba Ta Fitar da Maganin Allura

An daɗe ana cewa in dai madara ta tafasa, ko nama ya dahu luguf, maganin da aka yi wa dabbar ya ƙone. Ba haka ba ne. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma magani sinadari ne. Wani yakan ragu da zafi, wani kuwa ko gezau.

Saniyar da aka yi wa allurar penisilin ko oxytetracycline, maganin yana bin jininta ya sauka cikin madara, ya taru a hanta da ƙoda. Haka ƙwan kazar da ake zuba wa magani a ruwan sha. Shi ya sa ake rubuta kwanakin jira a jikin kwalba: kada a yanka, kada a sayar da madara ko ƙwai sai sun cika. Wa ke karantawa? Sau da yawa ma dabba na jigata ake garzayawa da ita mahauta, don gudun asara.

Mai jikin da ba ya karɓar penisilin, in ya sha irin wannan madara ko ya ci naman, zai iya kamuwa da borin jini. Ƙwayoyin cutar cikin hanji kuma suna sabawa da maganin har su daina jin sa.

Masu nono sun san alamar: madarar da ke ɗauke da magani takan ƙi kamawa ta zama kindirmo.