Farfesun naman sa da kayan lambu: amsoshin tambayoyin da kuke ta turo min

Tambayoyin nan su ne dai ake ta maimaita min, musamman amare, toh ga amsa a wuri ɗaya, dan Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Wane ɓangaren nama zan saya?

Ƙirji, wuya ko haƙarƙari, mai ɗan jijiya da kitse. Ki ce mahauci ya haɗa miki da ƙashi mai ɓargo. Tsoka zalla ta cinya bushewa take yi, ba ta ba da romo.

Zan iya zuba komai lokaci ɗaya in rufe tukunya?

A'a. Haba 'yar uwa, ta yaya kabeji zai jira nama? Nama ne farko da albasa da citta da tafarnuwa da kanumfari da masoro da ɗan gishiri, sai jajjagen attaruhu da tattasai. Idan nama ya kusa nuna ki sa dankalin turawa da karas, kamar minti 15 zuwa 20 ya ishe su, koren wake ya biyo baya, kabeji kuwa minti 5 kafin ki sauke. Kuma ki yanka dankalin manya-manya.

Dole sai na soya naman?

Ba dole ba ne. Amma idan kika ɗan soya shi a mai kaɗan ya yi ja kafin ki zuba ruwa, ƙamshin daban ne.

Awa biyu nama yana kan wuta amma har yanzu kamar roba, ina matsalar take?

Toh wannan ita ce tambayar da ba ta da amsa ɗaya, kuma ki kwantar da hankalinki, ba rashin iya girki ba ne. Da farko naman kansa, shanun da ake yankawa a kasuwanninmu da yawa manya ne da suka sha tafiyar kiwo, naman tsohuwar saniya zai iya cin awa biyu da rabi ko uku, na ɗan bijimi kuwa wataƙila awa ɗaya da rabi ya gama, ke kuma a kan teburin mahauci ba lallai ki gane wanne aka ba ki ba. Sannan wuta, mutane da yawa suna ganin idan suka ƙure gas tukunya tana ta bal-bal nama zai yi saurin nuna, alhali ruwan ne kawai zai ƙone, tsokar kuma ta ƙanƙame, jijiyar nan da ke cikin nama a hankali take narkewa kuma ita ce take sa romo ya yi kauri ya yi danƙo a baki, shi ya sa farfesun gawayi yakan fi daɗi. Ki rage wuta, ki rufe tukunya, ki daina buɗewa kowane minti biyu, idan ruwa ya yi ƙasa ki ƙara na zafi ba na sanyi ba. In kina da tukunyar firesha (mai dafa abinci da matsin tururi), minti 30 zuwa 40 yawanci ya wadatar, amma ki sauke ki duba kafin ki sa kayan lambu. Wasu suna jefa yankan ɗanyar gwanda, tana taimakawa gaskiya, sai dai idan ta yi yawa naman yakan yi lugub ya rasa daɗin tauna. In kuma kin riga kin zuba dankali alhali nama bai nuna ba, tsame kayan lambun ki ajiye a kwano, sai nama ya yi ki mayar.

An ce paracetamol yana sa nama laushi?

Ki ji tsoron Allah, magani ne ba kayan miya ba, kuma yawansa yana lalata hanta. Yaranki za su ci abincin nan fa. Kar ki kuskura.

Kanwa fa?

Ni ba na sawa. Tana dafe kalar romo, ta kashe ɗanɗanon kayan lambu.

Romon ya yi ruwa tsululu.

Ɗebo dankali biyu ko uku da suka nuna ki murƙushe da ludayi ki mayar ki juya. Ba sai kin sa fulawa ba.

Na sa tumatir da yawa, dankali ya ƙi nuna.

Tsamin tumatir ne yake riƙe shi. Ki soya tumatirin da kyau tun farko, kuma biyu ko uku sun isa, ba miyar dage-dage kike yi ba.

Babu wutar lantarki, zan iya barinsa ya kwana?

Mai kabeji da dankali saurin tsami gare shi, balle lokacin zafi. Ki dafa iya wanda za a cinye. In ya rage ki tafasa shi sosai da dare, ki rufe, kar kowa ya sa cokali, da asuba ki sake tafasawa, in kika ji ya canza wari ko yana kumfa zubarwa za ki yi, kar ki ce asara ce.

Da me ake ci?

Farar shinkafa, gurasa, burodi, ko haka nan a kwano da cokali.