Hifnoterafi: baccin da ba bacci ba ne

Daren Juma'ar da ta wuce, a majalisar da muke shan ataya bayan isha'i a unguwar Aboabo da ke Kumasi, wani ƙanenmu ya miƙo waya ya ce mu ga ikon Allah. Wani Bature ne a kan dandamali, ya kira mutum biyar daga cikin 'yan kallo, ya ƙyasta musu yatsa, duk suka sunkuyar da kai kamar kajin da ruwa ya doka. Can ya ce wa ɗayansu albasar da ke hannunsa tuffa ce, shi kuwa ya kama gatsa yana lumshe ido. Kafin bidiyon ya ƙare an gama yanke hukunci. Wannan ya ce aikin aljanu ne, wancan ya ce irin asirin nan ne da ake cewa 'yan damfara na yi a kasuwar Kejetia, su dafa kafaɗarka ka miƙa musu kuɗin sarinka da hannunka. Babban yayanmu bai ma ƙarasa kallo ba, ya ce: "A'uzubillahi, kai yaro kashe min abin nan."

Da na yi shiru na ci gaba da kurɓar atayata, ba don kalmar da ke rubuce a ƙasan bidiyon ita ce na ji a bakin wata innata watanni kaɗan da suka wuce ba. Motar da ta hau zuwa Akra ta yi hatsari a wajen Nkawkaw. Jikinta ya warke, amma tun daga ranar ko tashar Asafo ta doso sai ƙirjinta ya kama bugawa, tafin hannunta ya jiƙe. Masanin halayyar ɗan Adam da take gani ya ce cikin abubuwan da zai gwada da ita akwai hifnoterafi. Ta dawo gida a tsorace, ta ce min: "Ɗan nan, wai mutumin nan sumar da ni zai yi?"

To ga abin da kalmar ke nufi. Gida biyu gare ta. Hifnosis wani yanayi ne da mutum ke shiga inda hankalinsa ke tattaruwa a kan abu guda, hayaniyar gefe ta dusashe masa, maganar da aka faɗa masa kuma ta fi saurin shiga. Terafi kuwa jinya ce. Hifnoterafi ke nan jinya ta hanyar sa mutum cikin wannan yanayi, sannan a yi amfani da damar a dasa masa maganganun da za su taimake shi. Kowa ya taɓa leƙa bakin wannan yanayi ba da saninsa ba: mai kallon ƙwallo da za a kira sau uku bai ji ba, ko wanda ya hau trotro daga Asawase ya lula tunani, bai farga ba sai ga shi a Adum.

Sunan ne ya fara ɓata lamarin. Asalinsa daga hupnos ne, wato bacci a harshen Girkawa, kuma wanda ya yaɗa shi wani likitan fiɗa ne ɗan Sikotland, James Braid, da ke aiki a Manchester, garin da samarinmu suka sani da ƙwallo. A 1843 ya fitar da littafinsa kan batun. Daga baya shi da kansa ya gane ba bacci ba ne, ya so ya sauya sunan zuwa wani mai nufin tsayar da tunani a kan abu ɗaya, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Kafin Braid akwai Franz Mesmer, likita Bajamushe, wanda ya cika Paris da da'awar cewa akwai wani ƙarfin maganaɗisu da ke yawo a jikin mutum, shi kuma yana iya sarrafa shi. A 1784 Sarkin Faransa Louis na 16 ya kafa kwamitin bincike, har da Benjamin Franklin da masanin sinadarai Lavoisier a ciki. Suka riƙa rufe wa mutane ido suna gwada su, suka ga wanda aka ce masa ana yi masa aikin yana jin abin ko da ba a yi komai ba, wanda kuma aka yi masa a ɓoye ba ya jin komai. Hukuncinsu shi ne babu wani maganaɗisu, tunanin mutum ne ke aiki.

Ɗaliban makarantun Larabci na Zango za su lura da wani abu a nan. Larabawa suna kiran abin tanwim magnaɗisi, wato sa bacci ta hanyar maganaɗisu. Kuskuren Braid da na Mesmer duka biyu suna kwance cikin suna ɗaya. Ba abin mamaki ba ne da malamai suka dube shi da ido ɗaya. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya ɗauke shi nau'in bokanci da ake yi da taimakon aljani, ya haramta. Wasu malaman sun bambanta mai sa mutum cikin maye don ya faɗi inda kayan sata suke da likitan da ke koya wa majiyyaci kwantar da numfashinsa. Wannan fage na malamai ne, kuma duk wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya kai wa malaminsa tambaya. Abin da nake roƙo kawai shi ne ya bayyana masa ainihin abin da ake yi a ɗakin, kada ya kai masa bidiyon mai albasa.

Abin da ake yi a ɗakin kuwa ba shi da wani armashi ga mai son kallo. Babu agogo mai lilo, babu turare. Zama na farko yawanci hira ce: me ke damun ki, tun yaushe, me kike so ya canja. Bayan nan sai a ce ta zauna ta miƙe ƙafa, ta kafa ido a wuri ɗaya ko ta rufe, ta bi numfashinta yana shiga yana fita. Mai jinyar zai yi ta magana a hankali, yana cewa kafaɗunta suna saki, hannayenta suna nauyi. Idan jiki ya lafa sai a shiga ainihin aikin. Ga irin innata, za a ce ta hango kanta ta fito daga gida da jakarta, ta isa bakin tasha, tana jin kiran yaran mota da ƙaurin man dizal, amma numfashinta na nan yadda yake yanzu. A zama na gaba a kai ta har ƙofar motar. A na gaba ta zauna a kujera. Ana yi mata atisayen abin da take tsoro ne alhali jikinta a natse yake, har jikin ya daina ɗaukar tasha a matsayin wurin mutuwa. A ƙarshe a ƙirga, ta buɗe ido. Tana jin duk abin da aka faɗa, tana iya cewa a tsaya, kuma galibi mutum yana tuna abin da ya gudana. Masu aikin da yawa suna koya wa majiyyaci yadda zai yi wa kansa a gida, ko su naɗa masa murya a waya.

Wannan ne ya sa labarin Kejetia bai shiga nan ba. Hifnosis sai da yardar mutum da haɗin kansa. Wanda ya ƙi, ya ƙi ke nan. Mai wasan dandamali ma ba kowa yake ɗauka ba: yana fara gwada taron ne, ya tsamo waɗanda suka fi saurin bin magana, ga kuma nauyin idon jama'a da ke sa mutum ya biye wa wasan. Ɗan damfara kuwa da ruɗu da gaggawa da kwaɗayin riba yake aiki, kuma wanda aka cuta ya fi samun sauƙin cewa an yi masa asiri da ya ce an yi masa wayo.

Mutane ba ɗaya suke ba wajen karɓar abin. Tun 1959 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka fitar da ma'aunin gane wannan, kuma abin da ake ta gani shi ne kaɗan ne ke nutsawa sosai, kaɗan kusan ba ya kama su, mafi yawa suna tsakiya. Ba alamar raunin imani ko ƙarancin wayo ba ce. Yara sun fi manya saurin shiga, don dama su a duniyar tatsuniya suke rayuwa.

To yana aiki? Ya danganta da ciwon. Inda ya fi tsayawa da ƙafarsa shi ne raɗaɗi da fargaba. A asibitin jami'a na Liège a Beljiyam, tun 1992 ake haɗa shi da allurar kashe zafi ta wuri ɗaya a yi wa mutane wasu tiyatoci, irin ta maƙoƙo, ba tare da an sa su baccin gaba ɗaya ba. Yana rage wa yara tsoro da zafin allura. Akwai kuma wani ciwon hanji mai naci, wanda ke sa murɗawar ciki da kumburi, yau gudawa gobe taurin bayan gida, a yi ta gwaji ba a ga komai ba, kuma yana tashi idan rai ya ɓaci. Wani likita a Manchester, Peter Whorwell, ya wallafa gwajinsa a kai a 1984, kuma a 2008 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa hifnoterafi cikin abin da za a iya gwadawa ga wanda ya shekara yana shan magani bai samu sauƙi ba. Duk wanda ya zauna da matan gidajenmu ya san nawa ne ke yawo da "ciwon ciki" daga kemis zuwa mai maganin gargajiya, alhali wani ɓangaren ciwon a zuci yake: kishiya, bashin kasuwa, ɗa da ya tafi Libiya shekara biyu ba labari.

A ɓangaren damuwa, fargaba da tsoron wani abu takamaimai, ya fi amfani idan an jingina shi da jinyar zantawa, wadda ake koya wa mutum kama mummunan tunaninsa ya gyara. Wani nazari da Irving Kirsch da abokan aikinsa suka fitar a 1995 ya nuna haɗin biyun ya fi zantawar ita kaɗai. Mahaɗi ne, kamar yaji a kan waake, ba shi ne abincin ba.

Sai wajen ɗabi'u, inda tallar ta fi kaya yawa. Za ka ga ana cewa zama ɗaya ka bar taba har abada. Masu tattara bincike na Cochrane sun duba gwaje-gwajen barin taba a 2019, suka ce hujjar ba ta kai a ce ya fi sauran hanyoyi ba. Ana gwada shi a kan cizon farce, fitsarin kwance da yawan ci, wasu suna dacewa, sai dai hujjar ba ta da kauri. Matashin da tramol ya kama kuwa, irin waɗanda muke gani a lungunanmu, jikinsa ne ya saba da ƙwaya, kuma yanke ta farat ɗaya na iya jefa shi cikin wahala mai tsanani. Wannan aikin likita ne da kulawa ta watanni. Wanda ya ce zai cire masa ita da murya cikin awa ɗaya, kuɗin uwarsa yake so.

Akwai inda abin ke iya cutarwa. Wanda ke jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko yake ganin ana bin sa za a kashe shi, ba a yi masa, domin yana iya ƙara rikita shi. Hukumar lafiya ta Ingila ta faɗi haka ƙarara. Irin wannan sashen masu taɓin hankali na asibitin Komfo Anokye ya kamata a nufa da shi, ko asibitocin masu taɓin hankali na Pantang da Ankaful ga na kudu, ba ɗakin mai hifnosis ba, ba kuma inda za a ɗaure shi da mari ba.

Haɗari na biyu ya fi ba ni tsoro saboda yadda muke zaune. Mutane suna zaton ƙwaƙwalwa kamar kaset take, a mayar da ita baya a ga abin da ya faru. Ba haka take ba. Mutumin da ke cikin wannan yanayi yana iya ɗaukar tambayar da aka yi masa ya gina labari a kanta, ya farka yana rantsuwa cewa ya faru. A Amurka, a shekarun 1980 da 1990, gidaje sun watse saboda zarge-zargen da aka "tono" ta wannan hanya, kuma kotunan jihohi da dama sun taƙaita karɓar shaidar da aka samo da hifnosis. Yanzu ka kawo wannan gidan haya na Zango mai ɗaki goma sha biyu, inda dama ana zargin tsohuwar ƙarshen layi da maita. A tambayi yarinya mai firgita, ido a rufe: "Wa kike gani yana zuwa miki da dare?" Suna za ta kama, kuma sunan wanda ta saba jin ana zargi ne.

Shi ya sa tambayar farko ita ce wane ne mai yin, kafin a zo ga me yake yi. Kwas na 'yan makonni a intanet yana ba mutum takarda mai hatimi, amma ba ya koya masa bambance damuwa da ciwon da ke buƙatar magani. A Gana akwai dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, akwai kuma majalisar da dokar 2013 ta kafa don yi wa masana halayyar ɗan Adam rajista da ba su lasisi. Haƙƙinka ne ka tambayi lasisin mutum, ka tambayi zama nawa za a yi da kuma sidi nawa, mace kuma ta ce 'yar'uwarta za ta zauna a ɗakin. Na ƙwarai ba zai ji haushi ba, ba kuma zai ce ka ajiye maganin da likita ya rubuta maka ba.

Haka muka yi da innata. Ƙanwata ta raka ta, ta zauna a kusurwa da carbinta. Da suka dawo na tambaye ta yadda ta ji. Ta ce: "Ni fa ban suma ba. Ina jin komai, har kukan awakin bayan katanga. Kawai dai na ji kamar bayan sallar asuba, lokacin da ba ka son kowa ya yi maka magana." Ta yi zama shida, tana kuma sauraron muryar da aka naɗa mata kafin ta kwanta. A watan jiya ta hau mota zuwa Ejisu ta dawo. Akra dai har yanzu ƙanwata take aikawa sarin atamfa.