Siffofin Halitta a Marsiyyar Larabawa

Marsiyya waƙa ce ta kukan mamaci da ambaton halayensa. Mawaƙan Larabawa sun saba shigo da ruwan sama, rana, itatuwa da namun daji cikinta, domin su sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rasuwa.

Roƙon ruwa

Wannan salo ne da ya yawaita. Mawaƙi kan roƙi hadarin safiya ya shayar da kabari har ciyawa ta tsiro a kansa, galibi a ƙarshen ƙasida. Da yake mamakon ruwa yana rushe kabari, wasu kan gindaya sharaɗin kada ya yi ɓarna. An yi saɓani kan asalin salon: wasu sun danganta shi da imanin Jahiliyya cewa mamaci yana jin ƙishirwa. Bayan zuwan Musulunci ya sami ma'anar rahama, tun da Alƙur'ani ya buga misalin tashin ƙiyama da ƙasar da ta mutu ruwa ya raya ta, kamar a Suratur Rum, aya ta 50.

Namun daji

Mawaƙi Abu Zu'aibin Huzali, wanda ya rasu wajajen shekarar 649, an ce annoba ta ɗauke masa 'ya'ya biyar a shekara guda. A marsiyyarsu ya siffanta jakin jeji da matansa huɗu, sun ƙoshi da ɗanyar ciyawa, zafi ya kora su mashaya, maharbi kuwa yana laɓe da kwari da baka. Daga nan ya kawo bijimin jeji da ya soke karnukan farauta da ƙahonninsa, amma kibiya ta same shi. Babu alkawarin sauƙi a nan. Lallashin shi ne uban ya ga ba shi kaɗai ajali ya nufa ba, kuma masana da dama suna sa ƙasidar a sahun farko na marsiyoyi.

Rana da itace

Mawaƙiya Hansa'u ta ce fitowar rana da faɗuwarta suna tuna mata ɗan'uwanta Sahru. 'Yar'uwar Walidu ɗan Ɗarifu kuwa, wani jagoran tawaye da aka kashe wajajen 795, tuhumar itatuwan kogin Habur ta yi don sun yi ganye alhali ana makoki.

A ƙasar Hausa

Nana Asma'u ta yi marsiyoyi da dama, ciki har da ta ɗan'uwanta Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837.