Waiwaye: Anini da Guzuri a Rundunar Sojan Amurka ta Farko

Lokacin da George Washington ya isa garin Cambridge na Massachusetts a farkon watan Yulin 1775, ana farkon yaƙin neman 'yancin kan Amurka, domin karɓar ragamar dakarun da suka yi wa sojan Birtaniya ƙawanya a Boston, bai tarar da abin da za a kira runduna ba. Taron manoma ne da masu sana'a, kowa sanye da kayan da ya baro gida da su, kuma a wasu ƙungiyoyin sojojin ne da kansu suka zaɓi hafsoshinsu, saboda haka kyaftin yakan ji nauyin tsawata wa mutumin da ya jefa masa ƙuri'a. Tun da babu kaki, babu mai iya bambance kanar da kurtu. Dabarar da Washington ya yi ita ce ta ƙyalle: manyan hafsoshin rejimanti su maƙala ja a hula, kyaftin ya maƙala rawaya, na ƙasa da shi kore, saje kuwa a ɗinka masa jan ƙyalle a kafaɗar dama, kofur a ɗinka masa kore. Shi kansa shuɗin kyalle mai haske ya rataya a ƙirji. Anini a kafaɗar janar, biyu ga manjo janar da ɗaya ga birgediya, bai zo ba sai a watan Yunin 1780. Bayan wata guda da zuwan Washington aka sake ƙirga albarushin da ke rumbu, sai aka ga bai wuce harbi 9 ga kowane soja ba.

Majalisar wakilan yankuna 13 da ke zama a Filadelfiya, wadda ta kafa rundunar ranar 14 ga Yunin 1775, ta gaji wani tsoro daga tarihin Ingila, wato tsoron soja na dindindin wanda wata rana zai iya juya bindiga ga masu mulki. Don haka ta riƙe naɗin janar-janar a hannunta, ta bar wa jihohi naɗin hafsoshi daga kanar zuwa ƙasa, ta kuma riƙe jakar kuɗi, alhali ita kanta ba ta da ikon ɗora wa kowa haraji. A ganina daga nan kusan dukkan matsalolin da suka biyo baya suka samo asali, domin majalisar tana da muƙamin da za ta raba, amma ba ta da abin da za ta ciyar da masu muƙamin.

Shi kuwa muƙami a wancan zamani ciki ne da mutunci a haɗe. Albashin farabiti bai kai dala 7 a wata ba, na birgediya janar dala 125 ne, na manjo janar dala 166, kuma rabon abincin hafsa yana ninkuwa gwargwadon girmansa. Abin da ya fi kuɗin zafi shi ne ranar da aka rubuta a takardar naɗi, domin ita ke nuna wanda zai sara wa wani. A watan Fabrairun 1777 majalisar ta ce za ta riƙa duba abu uku wajen ƙarin girma: daɗewa, cancanta, da yawan sojan da jihar mutum ta bayar. Sharaɗi na ukun ne ya jawo aka tsallake Birgediya Janar Benedict Arnold, aka ɗaga mutum 5 da ke ƙasa da shi zuwa manjo janar, da hujjar cewa jiharsa ta Connecticut ta riga ta sami biyu. An ba shi muƙamin a watan Mayu, amma ba a mayar masa da matsayinsa a kan waɗancan ba sai bayan yaƙin Saratoga, inda aka harbe shi a ƙafa. Ba wannan kaɗai ya kai shi ga cin amanar da ya yi a 1780 na komawa ɓangaren Birtaniya ba, akwai bashi da ƙarar da aka kai shi, amma tsatsar ta fara ne tun daga nan. John Stark na New Hampshire, wanda shi ma aka tsallake shi a shekarar, ajiye aikin ya yi ya koma gida. Ɗan majalisa John Adams, da abin ya ishe shi, ya rubuta wa matarsa cewa hafsoshin suna wawason muƙami da albashi kamar birai a kan gyaɗa.

Baƙi daga Turai suka ƙara dagula lissafin. Wakilin Amurka a Paris, Silas Deane, ya yi ta yi wa hafsoshin Faransa alƙawarin manyan muƙamai, har ya yi wa wani mai suna du Coudray alƙawarin manjo janar da shugabancin manyan bindigogi, abin da ya sa janar-janar na Amurka Nathanael Greene da John Sullivan da Henry Knox suka yi barazanar yin murabus. Rigimar ba ta mutu ba sai da mutumin ya nutse a kogin Schuylkill a watan Satumbar 1777.

Yayin da ake wannan kokawa a kan anini, ofisoshin da ran rundunar ya rataya a kansu ba su da mai so. Akwai babban kwatamasta, mai kula da kekunan doki da tantuna da abincin dabbobi da hanyar tafiya, akwai kuma babban jami'in abinci. Thomas Mifflin ne ya fara riƙe na farkon a watan Agustan 1775, Joseph Trumbull ya riƙe na biyun. A takarda rabon soja abin sha'awa ne, domin dokar Nuwamban 1775 ta ba shi laba ɗaya ta naman shanu da laba ɗaya ta burodi ko fulawa kowace rana, ga madara, ga wake a mako. Trumbull ya yi ƙoƙari muddin yaƙin yana kusa da jiharsa ta Connecticut. Amma a 1777 majalisar, saboda zargin cewa masu saye suna cika aljihunsu, ta raba ofishin gida biyu, masu saye daban masu rabawa daban, ta kuma karɓe naɗin mataimaka, sai Trumbull ya ajiye aikin. Mifflin ma ya bi bayansa kafin ƙarshen shekarar, aka yi watanni babu tsayayyen kwatamasta.

A cikin wannan hali rundunar, mai kimanin mutum 12,000, ta shiga sansanin Valley Forge ranar 19 ga Disambar 1777. Bayan kwana huɗu Washington ya rubuta wa majalisa cewa idan ba a yi wani abu ba dakarun za su mutu da yunwa ko su watse, ya kuma ce mutum 2,898 ba za su iya fita aiki ba saboda ba su da takalmi ko sutura. Abincin da yawa daga cikinsu shi ne fulawa da aka kwaɓa da ruwa aka gasa a kan dutse mai zafi. Abin takaicin shi ne Pennsylvania ba ta cikin fari, hatsi da shanu suna nan. Manomi ne yake da zaɓi tsakanin sojan Birtaniya da suka mamaye Filadelfiya masu biya da zinariya da azurfa, da jami'in majalisa mai biya da takardar da darajarta ke zubewa kullum, kuma ba sai an tambayi inda kekensa zai nufa ba. Inda aka sami kayan ma, babu direbobin keken da za su ɗauko a kan kuɗin hayar da majalisa ta ƙayyade, dawakai kuma suna mutuwa don rashin harawa. Kusan mutum 2,000 ne suka rasu a sansanin, akasarinsu da cuta.

A watan Maris na 1778 aka lallashi Greene ya karɓi ofishin kwatamasta. Bai so ba, kuma daga baya ya rubuta wa Washington cewa ba a taɓa jin sunan kwatamasta a tarihi ba. Sharuɗɗan da ya kafa sun nuna yadda muƙami da guzuri suke a sarƙe: zai riƙe matsayinsa na manjo janar, shi zai zaɓi mataimakansa, John Cox da Charles Pettit, kuma su ukun za su raba kamashon kashi 1 cikin 100 na duk abin da ofishin ya kashe. Tare da Jeremiah Wadsworth a ɓangaren abinci, ya kafa rumbunan hatsi da harawa a kan hanyoyi, rundunar ta fita daga sansanin a watan Yuni da ƙarfinta. Sai dai tsarin kamasho yana da aibin da ba ya ɓoyuwa, domin duk tsadar da kaya suka yi ribar jami'i ƙaruwa take yi, kuma ko mai gaskiya ne ba zai tsira daga bakin mutane ba.

Kuɗin takardar ne ya rusa gyaran. Majalisar ta buga sama da dala miliyan 240, har a watan Maris na 1780 ta amince da kanta cewa dala 40 ta takarda ita ce dala ɗaya ta azurfa. A wannan lokacin ne ta koma roƙon jihohi su kawo kaya maimakon kuɗi, wannan ta kawo fulawa, waccan ta kawo nama ko gishiri, ba tare da an tanadi wanda zai yi jigilarsu ba. Sojoji suka koma karɓar kayan manoma da ƙarfi suna ba su takardar shaidar bashi. Greene ya yi murabus a watan Agustan 1780, kuma ranar 1 ga Janairun 1781 sojojin Pennsylvania suka yi bore a kan albashi da wa'adin aiki. A shekarar ne aka miƙa harkar kuɗi ga ɗan kasuwa Robert Morris, wanda ya mayar da ciyar da soja hannun 'yan kwangila.

Hafsoshi sun fi kurata iya matsa wa majalisa. A 1778 sun sami alƙawarin rabin albashi na shekara 7 bayan yaƙi, yayin da aka yi wa kurtu alƙawarin dala 80 sau ɗaya tak, a 1780 kuma aka mayar da nasu na tsawon rai. Da suka ga yaƙi ya zo ƙarshe babu alamar biya, sai gunaguni ya tashi a sansanin Newburgh, har Washington ya tsaya gabansu ranar 15 ga Maris na 1783 ya kwantar da ƙurar. Majalisar ta musanya fanshon da cikakken albashin shekara 5, wanda shi ma da takardun bashi aka biya. Ranar 2 ga Yunin 1784 ta sallami sauran rundunar, ta bar mutum 80, wato 55 a West Point da 25 a Fort Pitt, da sharaɗin kada a bar hafsan da ya wuce kyaftin, kuma aikin da aka ba su shi ne gadin rumbunan kayan yaƙi.