Wa ke buɗe ƙofar kurkuku a Kalifoniya: gwamna, kotu ko masu zaɓe?

Ranar 14 ga Satumba 2021 mutanen jihar Kalifoniya ta Amurka suka kaɗa ƙuri'a kan ko a sauke Gwamna Gavin Newsom tun wa'adinsa bai cika ba. Cikin laifuffukan da masu neman a yi masa kiranye suka yi ta nanatawa a lokacin yaƙin neman ƙuri'a har da cewa yana sako miyagu daga gidajen yari alhali kashe-kashe sai ƙaruwa suke yi. Zargin ba ƙarya ba ne ɗungurungum, amma an cakuɗa dokoki da dama a cikinsa waɗanda ba hannu ɗaya ya rubuta su ba. Wasu daga kotu suka fito, wasu talakawan jihar ne da kansu suka amince da su a akwatin zaɓe, kaɗan ne kawai za a iya ɗora wa gwamnan kai tsaye.

Tushen maganar cunkoso ne. A 1994 jihar ta kafa dokar nan ta "laifi uku", wadda ta ce duk wanda aka taɓa kamawa da manyan laifuffuka biyu, in ya sake na uku, ɗaurinsa daga shekara 25 ne zuwa rai-da-rai. Wannan doka da ire-irenta suka cika gidajen yari maƙil. Gine-ginen da aka yi domin mutum kusan 80,000 suka koma ɗauke da ninki biyu na hakan. Aka jera gadaje masu hawa uku a zaurukan motsa jiki, likitoci suka gaza, har wata kotun tarayya ta gano cewa kusan duk mako sai fursuna ɗaya ya mutu da ciwon da za a iya magancewa. Ƙarar ta kai Kotun Ƙolin Amurka, kuma a watan Mayun 2011 alƙalai biyar cikin tara suka yanke cewa irin wannan tsarewa azabtarwa ce da kundin tsarin mulki ya haramta. Suka tabbatar da umarnin cewa yawan fursunoni kada ya wuce kashi 137.5 cikin 100 na abin da aka gina gidajen dominsa. Alƙalai huɗun da suka ƙi sun yi gargaɗi da kakkausar murya cewa za a jefa jama'a cikin haɗari. Amma hukunci ya riga ya faɗi, kuma yana kan wuyan duk wanda ya hau kujerar gwamna, ko ɗan wace jam'iyya ne.

Gwamnan lokacin, Jerry Brown, bai buɗe ƙofa ya ce kowa ya tafi gida ba. A shekarar ta 2011 ya sa hannu a dokar da ta mayar da masu ƙananan laifuffuka daga gidajen yarin jiha zuwa na gundumomi. Sai masu zaɓe suka karɓi ragowar aikin, domin a Kalifoniya jama'a na iya tara sa hannu su sa ƙuduri a takardar zaɓe, in ya samu rinjaye ya zama doka ba tare da ya bi ta majalisa ba. Ta wannan hanya aka sassauta dokar laifi uku a 2012. A 2014 ƙuduri mai lamba 47 ya mayar da satar abin da bai wuce dala 950 ba, da mallakar ƙwaya don amfanin kai, ƙananan laifuffuka. A Nuwamban 2016 kuma ƙuduri mai lamba 57 ya wuce da kusan kashi 64 cikin 100 na ƙuri'u. Newsom bai zama gwamna ba sai Janairun 2019.

Ƙuduri na 57 shi ne zuciyar rigimar, don haka ya kamata a tsaya a kansa. Ya shiga kundin tsarin mulkin jihar ne, ba dokar majalisa ba ce da za a soke da safe ɗaya. Ya buɗe ƙofofi biyu waɗanda mutane ke yawan rikita su.

Ta farko ita ce ta hukumar afuwa. Wanda aka ɗaure kan laifin da doka ba ta lissafa cikin na ta'addanci ga jikin mutum ba, in ya gama shekarun babban laifinsa, za a duba ko ya cancanci fita, ba sai ya cinye ƙarin shekarun da alƙali ya ɗora masa ba saboda, misali, tsohon mai laifi ne. Dubawa ce kawai. Hukumar na karanta tarihinsa, tana karɓar ƙorafin mai gabatar da ƙara da na waɗanda aka zalunta, kuma tana da ikon cewa a'a.

Ta biyu ita ce rangwamen kwanaki. Ƙudurin ya ba ma'aikatar gidajen yari ikon tsara yadda za a rage wa fursuna wa'adi saboda kyakkyawan hali, ko karatu, ko koyon sana'a, ko shiga aikin kashe gobarar daji wanda fursunonin jihar suka daɗe suna yi. A nan babu wata hukumar da za ta zauna ta auna mutum. Lissafi ne: in kwanakin sun cika, ƙofa ta buɗe. Kuma ma'aikatar tana ƙarƙashin gwamna ne, shi ke naɗa shugabanta.

To a nan ne hannun Newsom ya fito fili. Daga 1 ga Mayu 2021 ma'aikatar ta ƙara rangwamen. Mai laifin ta'addanci da a da ake yafe wa kashi 20 cikin 100 na wa'adinsa, yanzu ana iya yafe masa kashi ɗaya cikin uku. A ɗauki wanda aka yanke wa shekara 10. Kafin ƙuduri na 57 sai ya yi aƙalla shekara 8 da rabi. Bayansa, shekara 8. Da sabon tsarin, shekara 6 da wata 8, in bai yi faɗa ko wani laifi a ciki ba. Wasu tsofaffin masu laifi da laifinsu na yanzu ba na ta'addanci ba ne sun tashi daga kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi cif. Aka ce sauyin ya shafi fursunoni kusan 76,000, kuma wannan adadi ne ya bazu a kafafen yaɗa labarai kamar a ce dukkansu za su fito gobe. Ba haka ba ne. Mutum 76,000 ne suka samu damar tara rangwame da sauri, a hankali, cikin shekaru. Wanda aka yanke wa kisa ko ɗaurin rai-da-rai maras afuwa ba ya ciki sam. Mai ɗaurin rai-da-rai da ke da damar afuwa kuwa, abin da rangwamen na 2021 ya matso masa da shi ranar zama gaban hukuma ce, ba ranar fita ba.

Duk da haka, ni a ganina masu suka suna da hujja mai ƙarfi a kan yadda aka yi abin. An shigo da sauyin ne a matsayin ƙa'idar gaggawa, wato ya fara aiki kafin a saurari ra'ayin jama'a. Masu gabatar da ƙara na gundumomi sama da 40 cikin 58 da jihar ke da su suka garzaya kotu. Matar da aka gaya wa a gaban alƙali cewa wanda ya yi mata illa zai yi shekara kaza, tana da haƙƙin a sanar da ita kafin a canja lissafin, kuma gwamnatin da ta yi imani da tsarinta ba ta da dalilin gudun muhawara.

Akwai kuma sakin lokacin korona. A ƙarshen Mayun 2020 aka kwashe fursunoni 121 daga wani gidan yari a Chino zuwa gidan yarin San Quentin ba tare da sabon gwaji ba. Cutar ta kama sama da mutum 2,000 a can, fursunoni 28 da gandiroba ɗaya suka mutu. A watan Yuli gwamnati ta sanar cewa za a saki har kusan mutum 8,000 da wuri, akasari waɗanda 'yan watanni suka rage musu. Wannan shawarar gwamnatin Newsom ce, babu musu.

Shin sakin ne ya haddasa ƙaruwar kisa? Kisan kai ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100 a Kalifoniya a 2020. Amma kusan haka ya ƙaru a faɗin Amurka a wannan shekarar, har da jihohin da ba su sassauta komai ba. Wanda ya ɗora dukkan laifin kan dokar Kalifoniya sai ya yi bayanin abin da ya faru a sauran jihohin.

Inda dokar ke da rami na gaske shi ne ma'anar laifin ta'addanci. Dokar hukunta laifuffuka ta jihar ta jera laifuffuka ashirin da 'yan kai, irin su kisa, fashi da garkuwa da mutum. Abin da ba ya cikin jerin, a idon doka ba ta'addanci ba ne, ko da an zubar da jini. Dukan mata ko miji har a ji rauni ba ya ciki. Galibin farmaki da makami ma ba ya ciki. Mai zaɓen da ya dangwala wa ƙuduri na 57 yana tunanin ɓarawon shago da ɗan ƙwaya ne, ba lallai ya san da wannan ba. Abin ya fito ƙarara a Afrilun 2022, lokacin da aka yi harbe-harbe a tsakiyar birnin Sacramento mutum shida suka mutu. Ɗaya daga cikin waɗanda aka tuhuma an yanke masa shekara 10 a baya kan lakaɗa wa budurwarsa duka. Hukumar afuwa ta duba shi ta ƙi sakinsa, amma rangwamen kwanaki ya fito da shi 'yan makonni kafin harbin. Ƙofar da ke da mai gadi ta hana shi, wadda ba ta da mai gadi ta bar shi ya wuce. Sai dai a tuna, a Nuwamban 2020 an kawo ƙuduri mai lamba 20 domin faɗaɗa jerin laifuffukan da za su hana mutum shiga ƙofar afuwar, masu zaɓe kusan kashi 62 cikin 100 suka yi watsi da shi.

Yanzu ga dokar kiranyen kanta. Mai karatu a Najeriya ya san kalmar daga sashe na 69 da na 110 na kundin 1999, waɗanda suka ba mazaɓa damar dawo da ɗan majalisa gida, kamar yunƙurin da aka yi wa Dino Melaye wanda ya rushe a 2018. Gwamna a Najeriya ba a yi masa kiranye, sai dai majalisar jiha ta tsige shi. A Kalifoniya kuwa tun 1911 kowane zaɓaɓɓen jami'in jiha na iya fuskantar kiranye, kuma ba a buƙatar tabbatar da wani laifi. Kotu ma ba ta da hurumin auna ko dalilin da aka bayar ya isa. Abin da ake nema sa hannu ne na masu rajista da ya kai kashi 12 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa a zaɓen gwamna na baya, cikin kwana 160. A Najeriya sai fiye da rabin masu rajistar mazaɓa sun sa hannu, shi ya sa abin bai taɓa yiwuwa ba.

Ga Newsom adadin ya kama 1,495,709. Wani tsohon sajan na 'yan sandan gunduma, Orrin Heatlie, shi ya jagoranci yunƙurin, kuma takardar ƙorafin ta ambaci haraji, marasa matsuguni, baƙin haure, da dakatar da hukuncin kisa da gwamnan ya yi a 2019. Da farko abin tafiyar hawainiya yake yi. Abubuwa biyu suka tashe shi a Nuwamban 2020: wani alƙali ya ƙara wa masu tara sa hannu kwana 120 saboda annoba, sannan hotuna suka fito na gwamnan yana cin abinci a taron biki a wani gidan abinci mai tsadar gaske, alhali yana ce wa jama'a su guji taro. Aka tantance sa hannu sama da miliyan 1.7.

Takardar zaɓen tambaya biyu ce. A sauke shi? In an sauke shi, wa zai gaje shi? Gwamna yana buƙatar rabin ƙuri'u kafin ya tsira, kuma ba a sa sunansa a tambaya ta biyu. Magajin kuwa wanda ya fi saura kawai ake nema. Ke nan gwamna na iya samun kashi 49 ya faɗi, wani mai kashi 25 ya hau. A 2003 da aka sauke Gray Davis mutum 135 suka tsaya, Arnold Schwarzenegger ya ci. A 2021 mutum 46 ne, mai gabatar da shirin rediyo Larry Elder ya zo kan gaba, amma bai yi masa amfani ba, domin kashi 61.9 cikin 100 sun ce a bar Newsom. Daidai kason da ya samu ke nan a zaɓen 2018. Jihar ta kashe kusan dala miliyan 200 kafin ta ji wannan amsa.

Da Elder ya hau, me zai iya? Zai iya sauya shugaban ma'aikatar gidajen yari ya sa a rage rangwamen. Zai iya naɗa masu tsauri a hukumar afuwa, ya kuma yi amfani da ikon da gwamna ke da shi tun 1988 na soke afuwar mai laifin kisa, ikon da Newsom da kansa ya yi amfani da shi a Janairun 2022 ya hana sakin Sirhan Sirhan, wanda ya harbe Sanata Robert Kennedy. Ba zai iya taɓa ƙuduri na 47 ko na 57 ba, kuma iyakar kashi 137.5 na nan tana jiransa in gidajen suka sake cika.

Fushin jama'a daga baya ya sauka kan waɗanda suka fi kusa da kotunan yau da kullum. San Francisco ta yi wa babban mai gabatar da ƙararta, Chesa Boudin, kiranye a Yunin 2022, gundumar Alameda ta yi wa Pamela Price a Nuwamban 2024. A wannan zaɓen na 2024 ne kuma kusan kashi 68 cikin 100 suka amince da ƙuduri mai lamba 36, duk da adawar Newsom, wanda ya dawo da hukunci mai tsanani kan mai maimaita sata da masu safarar muguwar ƙwayar fentanil, ya warware wani ɓangare na ƙuduri na 47. Bai taɓa ƙuduri na 57 ba, don haka ikon tsara rangwamen kwanaki yana nan a hannun ma'aikatar gidajen yari da gwamnan da ke naɗa shugabanta.