Wai me ake nufi da kulonin ɗin hardis?

In ka kai laptop wajen mai gyara ka ce masa ta cika tana nauyi, sai ya ce ai sai an sa mata babban hardis an yi kulonin. To kulonin ɗin nan ba kwafi ba ne irin wanda muka saba na ɗauko fayil a zuba a filash. Ɗan tagwaye ake yi wa hardis ɗin, komai da komai, Windows ɗinka da manhajojinka da fasuwod ɗin wayfay da ka manta tun bara, har da wasu ɓoyayyun sassa da kwamfuta ke tashi da su waɗanda kai ba ka ma ganinsu. Shi ya sa in ka kwashe C (sashen hardis da Windows ke ciki) da hannu ka zuba a sabo wallahi ba za ta tashi ba, amma in kulonin ne kana kunnawa za ka tarar da hoton ɗiyarka a fuskar yadda ka bar shi.

Aikin kansa ba wuya, a sa sabon a kesin USB a jona, a buɗe manhajar kulonin irin Clonezilla wadda kyauta ce ko Samsung Data Migration in sabon SSD ne (wato hardis mai sauri) na Samsung. Sai dai don Allah ka duba sau biyu wanne ne tsoho wanne ne sabo, don wanda ka zaɓa a zuba a kansa shafe shi za a yi tas, in ka juya su shi ke nan. Kuma kar ka fara in batirin ba ya riƙe caji, ka san halin wutarmu.

Inda mutane ke rikicewa shi ne bayan an gama. Ka tashi daga 500GB zuwa 1TB ka buɗe ka ga C tana nan yadda take, sai ka zata cutarka aka yi. A'a, filinka na nan ba a yi masa shinge ba ne kawai, shiga Disk Management na Windows za ka gan shi da baƙin layi an rubuta Unallocated, ka danna dama a kan C ka zaɓi Extend Volume. In ya ƙi dannuwa yawanci sashen rikoba (na gyara Windows in ta lalace) ne ya shiga tsakaninsu, sai an matsar da shi da manhaja irin su GParted.

In sabon ya haura 2TB kuma tsohon tsarin raba hardis ne da ake kira MBR, a 2TB ɗin zai tsaya, sai an mayar da shi sabon tsarin, wato GPT.

Tsohon kuma kar ka yi saurin fomatin ɗinsa, ajiye shi a durowa ko sati biyu ne tukuna.